Yadda na samu katin shiga karatun Dalai Lama a watan Saga Dawa, da wahalar da na sha wajen kiran malamansu

Makon jiya wani yaro ɗan Zariya da ya fara digiri na biyu a Indiya ya bugo mini waya, wai an ba shi aikin bincike a kan 'yan Tibet mabiya addinin Buddha, yana so ya je Dharamsala, garin da Dalai Lama, babban jagoran addininsu, yake zaune a arewacin Indiya, amma bai san ta inda zai ɓullo wa tafiyar ba. Mun fi awa guda muna magana har katinsa ya ƙare. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta abin daki-daki, don ni lokacin da na yi tawa tafiyar babu wanda ya yi mini wannan gatan, sai da na yi ta karo da bango kafin na gane hanya.

Ina karatun tarihin addinai a wata jami'a a Delhi lokacin. Malamin da ke duba aikina ya ce ba zai karɓi babi a kan laƙaban malaman Tibet ba in duk daga littafi na kwaso, sai na je na ji yadda mutanen ke kiran malamansu da bakinsu. Ya ba ni shawara in daidaita tafiyar da Saga Dawa, wato wata na 4 a kalandarsu, wanda suke girmamawa fiye da sauran watanni saboda a cikinsa suke tunawa da haihuwar Buddha, da wayewar da suka ce ya samu, da rasuwarsa. Kuskurena na farko a nan ya faru. Na ɗauka lissafinsu irin namu ne na Hijira, tunda su ma da wata suke ƙirga. Ashe su sukan ƙara wata guda bayan 'yan shekaru, shi ya sa Saga Dawa ba ya zagaya shekara kamar azuminmu, kullum wajejen Mayu da Yuni yake faɗowa. Ga kuma wani abu da ya ɗaure mini kai: a kalandarsu akan tsallake wata ranar, akan kuma maimaita wata. Na zauna da biro ina ƙirga ranar 15 ga wata da kaina, na samu saɓanin kwana guda da abin da ke rubuce. Wani ɗan ajinmu ɗan Tibet ya yi mini dariya, ya ce ko su ba sa ƙirgawa da ka, kalanda suke dubawa. Shi ya nuna mini cewa ofishin Dalai Lama yakan sanya jadawalin karatuttukansa a intanet, kuma aka yi sa'a akwai na kwana uku cikin watan.

Kafin in bar Delhi na haɗa takarduna. Duk ɗalibi baƙo da bizarsa ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin baƙi da ake kira FRRO cikin kwana 14 da shigowarsa ƙasar, a ba shi takardar izinin zama. Na ɗauki wannan, da fasfo, da wasiƙar jami'a mai shaida cewa ni ɗalibinsu ne, na yi wa kowanne kwafi uku. Motar dare na shiga daga Majnu ka Tilla, unguwar 'yan Tibet da ke arewacin Delhi, na biya rupi 1,200 a lokacin. Tafiyar ta kai awa 12. Rabin farko shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, amma da aka fara hawan duwatsun jihar Himachal Pradesh sai kwana bayan kwana, cikina ya yi ta juyawa, na gode Allah da ban cika shi da tuwon shinkafa ba. Abin da ya kamata mai zuwa ya sani shi ne Dharamsala biyu ce. Akwai ta ƙasa inda kasuwa da ofisoshin gwamnatin jihar suke, akwai kuma McLeod Ganj can sama, tazarar kamar kilomita 10 a kan titi mai lanƙwasa, kusan mita 2,000 sama da teku. A can saman ne gidan Dalai Lama yake, da babban wurin ibadarsu, Tsuglagkhang. Ya baro Tibet a 1959, ya zauna a nan tun 1960, kuma jama'arsa suka biyo shi.

Da asuba muka isa, ga sanyi, ga duwatsun Dhauladhar da farin ƙanƙara a kansu a tsakiyar bazara. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki a kan rupi 800 kowane dare, na yi sallah, na kwanta. Yaron da ke tebur ya karɓi fasfona ya ɗauki hotonsa, ya ce maigida ba ya nan, in ya dawo zai cike mini Fom C. Wannan fom ɗin doka ce, duk masaukin da ya saukar da baƙon ƙasar waje sai ya sanar da hukuma da shi. Ban ɗauke shi da muhimmanci ba, na ɗauka tsakaninsu ne da gwamnati.

Da ƙarfe goma na tafi wurin rajista. Karatun kyauta ne, amma babu mai shiga sai da kati, kuma ofishin tsaro na 'yan Tibet ne ke bayarwa, ana farawa 'yan kwanaki kafin ranar. Na tarar da layi ya miƙe har bakin titi: Turawa, 'yan Koriya, 'yan Taiwan, 'yan Rasha, Indiyawa. Ni kaɗai ne baƙar fata, kuma kowa sai ya waiwayo ya sake kallo, wanda duk ɗan Najeriya da ya zauna a Indiya ya saba da shi. Na yi kusan awa ɗaya da rabi a tsaye. Da na isa gaban tebur, jami'in ya duba fasfo, ya duba biza, ya ce ina kwafin Fom C, ina hotuna? Babu ko ɗaya a hannuna. Cikin ladabi ya ce in je in kawo. Raina ya ɓaci, amma laifin nawa ne, don an liƙa sanarwar a bango, ni ne ban tsaya na karanta ba. Hoto bai ba ni wahala ba, akwai masu ɗauka a kan titin, cikin minti 20 suka wanke mini. Fom C ne ya cinye mini yini. Maigidan masaukin bai dawo ba sai bayan azahar, da ya dawo kuma intanet ya ɗauke, da intanet ya dawo ya rubuta lambar fasfona ba daidai ba, sai da aka sake. Ko da na koma an kusa tashi, mai gadi ya ce gobe.

Washegari tun kafin a buɗe ina bakin ƙofa, ni ne na huɗu. Takardar da aka ba ni in cike gajeriya ce: suna, ƙasa, lambar fasfo, inda na sauka. Na biya rupi 10, aka manna hotona a kati, aka buga hatimi. Duka-duka bai fi minti 15 ba. Wata dattijuwa 'yar Jamus da ke bayana, wadda ta ce zuwanta na shida ke nan, ita ta cece ni daga kuskure na gaba. Ta tambaye ni ko na sayi rediyo. Na ce wayata na da FM. Ta girgiza kai, ta ce ba a shiga da waya ko kyamara. Dalai Lama da harshen Tibet yake karatu, masu fassara kuma kowane harshe da tasharsa a FM, don haka in ba ka da ƙaramar rediyo da abin sa wa a kunne, zaman kurame za ka yi. Na sayi wata 'yar China irin wadda tsofaffinmu ke rataya wa a kafaɗa don jin sashen Hausa, da batir, da kofi, da ɗan matashin zama. Ta kuma koya mini kamun wuri: da yammacin jajibirin karatu mutane kan je su shimfiɗa kwali ko ƙyalle a ƙasa, su rubuta suna, su manna da salatif, kuma ba mai ɗaga na wani. Na rubuta sunana a kan kwalin biskit, na manna shi kusa da wani ginshiƙi a ɓangaren masu jin Turanci.

Ranar farko na fito tun ƙarfe shida. Layin maza daban, na mata daban, ana lalube mutum sosai, har rediyon sai da aka kunna aka ji. Na samu kwalina yadda na bar shi. Farfajiyar ta cika maƙil, sufaye maza da mata, wato masu zaman zuhudu na addinin Buddha waɗanda ba sa aure, cikin jan mayafi a gaba, tsofaffi na juya ƙananan gangunan addu'a a hannu suna jan carbi. Da Dalai Lama ya fito sai wurin ya yi tsit, sannan mutane suka miƙe suka yi sujada sau uku. Wannan shi ne abin da ya fi damuna tun ina Delhi, domin ni Musulmi ne, goshina ba zai taɓa ƙasa don wani mahaluki ba. Na tsaya cik, hannuna a gefe, zuciyata na bugawa. Babu wanda ya ko kalle ni. Turawa da yawa ma ba su yi ba. Dalai Lama kansa an san shi da cewa ya fi kyau mutum ya riƙe addinin da ya tashi a ciki, kuma da aka zo wurin ɗaukar alkawuran addininsu a rana ta uku, wanda ba mabiyi ba, zama kawai yake yi ya saurara. Can tsakiyar karatu sai ga yaran sufaye a guje da manyan butoci, suna rabon shayi da burodi. Na miƙa kofi, na kai baki nan take, maƙwabcina ya dafa mini hannu, ashe sai an yi addu'ar miƙa abinci tukuna. Da na kurɓa kuma na sha mamaki: shayin gishiri ne da man shanu, ya fi kama da romo. A rana ta uku har ƙari na nema.

To a nan ne ainihin aikina ya fara, kuma a nan na fi jin kunya. Na zo da tunanin cewa duk mai jan mayafi lama ne, don haka duk wanda na tara sai in ce "Lama". Wani matashin sufi mai jin Turanci ya ja ni gefe ya ce shi ba lama ba ne, ɗalibi ne. Lama malami ne na ruhi, wanda ake ɗaukar karatu da tarbiyya a hannunsa, daidai da abin da Indiyawa ke kira guru, kuma ba dole ne ma ya zama sufi ba, akwai lamomi masu aure. Sufi na gama-gari in za ka kira shi da ladabi sai ka ce Kusho-la, mace kuma Ani-la, malamin makaranta Gen-la. Wannan "la" ɗin da ake liƙawa a ƙarshe shi ne girmamawar, ko a sunan mutum aka sa shi ya wadatar. Da na ji haka sai na sauya, na ce to bari in riƙa cewa Rinpoche, tunda na ga kamar ya fi girma. Nan ma na sake faɗawa rami.

Matashin nan ne ya haɗa ni da malaminsa, wani Geshe, wato mai babban digirin karatun addininsu, aka ba ni lokaci bayan la'asar a rana ta biyu. Ya ce in sayi khata, farin ƙyallen siliki da suke miƙawa wajen gaisuwa. Ana miƙa shi da hannu biyu, shi kuma malamin yakan karɓa ya mayar maka da shi a wuya. Na cire takalmi a ƙofa, na shiga wani ɗan ɗaki da bai fi shagon tela ba, gado ɗaya, littattafai naɗe cikin ƙyalle mai ruwan ɗorawa a kan kanta can sama. Na ce "Tashi delek, Rinpoche." Dattijon ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa, ya yi wa almajirin magana da harshensu. Aka fassara mini cewa shi ba a haife shi da komai ba, ɗan makiyaya ne, abin da yake da shi da gumi ya samo. In kira shi Geshe-la.

Bayanin da ya yi mini a wannan zaman ya fi duk abin da na karanta. Laƙabansu, in ka lura, ba daga rijiya ɗaya ake ɗebo su ba. Geshe karatu ne, na ɗariƙar Gelug. Mutum yakan yi shekara 20 ko kusa da haka yana bin manyan fannoni biyar, daga ilimin hujja har zuwa dokokin sufaye, kuma jarrabawar muhawara ce a bainar jama'a. Mafi girman matakin shi ne Geshe Lharampa, wanda Dalai Lama da kansa ya zauna wa jarrabawarsa a Lhasa a 1959, lokacin Monlam, babban bikin addu'arsu. Manyan makarantunsu uku, Sera da Drepung da Ganden, an sake kafa su a jihar Karnataka da ke kudancin Indiya. Mata ba su fara samun wannan digiri a matsayin rukuni ba sai a Disambar 2016, da aka ba mata sufaye 20 laƙabin Geshema a Drepung. A ɗariƙun Nyingma da Kagyu da Sakya kuwa, malamin da ya ƙure karatu Khenpo ake ce masa, kalmar da kuma ke nufin shugaban gidan sufaye. Ina jin haka sai tsangaya ta faɗo mini a rai. Na ce masa mu ma muna da Alaramma da Gwani, kuma Gwani ba a gadonsa, sai wanda ya haddace ya rubuta, gwanaye suka gwada shi suka sallama. Ya ce to ka gane Geshe ke nan.

Tulku kuwa wata hanya ce daban. Shi ne yaron da suka yi imani cewa wani babban malami da ya rasu ne ya sake dawowa a jikinsa, a nemo shi, a tabbatar, a ɗora shi a mazaunin wancan. Wannan aƙida tasu ce, ni aikina in rubuta yadda suke faɗa. Rinpoche ma'anarsa "mai daraja", kuma galibi tulku ake kira da shi, da shugabannin gidajen sufaye, da wasu manyan malamai ƙalilan. Shi ya sa za ka ga yaro ɗan shekara takwas ana ce masa Rinpoche, dattijo mai furfura da ya koyar shekara 30 kuma Geshe-la. Sama da wannan akwai Kyabje, "ubangidan mafaka", na manyan manya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su 'yan Tibet ba su cika cewa "Dalai Lama" a tsakaninsu ba. Gyalwa Rinpoche suke cewa, ko Kundun, ko Yeshin Norbu. Kalmar dalai ta Mongoliya ce, tana nufin teku, kuma sarkin Mongol Altan Khan ne ya ba Sonam Gyatso laƙabin a 1578, aka ƙirga shi na uku, aka mayar da laƙabin baya ga magabatansa biyu. Na yanzu, Tenzin Gyatso, shi ne na 14, an haife shi ranar 6 ga Yuli, 1935. Geshe-la ya kuma gyara mini wani kuskure da na riga na rubuta a babina: shugaban ɗariƙar Gelug a hukumance ba Dalai Lama ba ne, Ganden Tripa ne, kujerar da ake hawa da ilimi na wa'adin shekara bakwai. Karma Kagyu, wani reshe na Kagyu, suna da nasu shugaban, Karmapa, Sakya suna da Sakya Trizin.

Ina cikin rubutu na ajiye littafin da ya ara mini a ƙasa kusa da ƙafata. Almajirin ya yi wuf ya ɗauke, ya taɓa shi a goshi, ya ɗora a kan tebur. Kunya ta kama ni, don a gidanmu ko allo ba a yi wa haka, sai ga shi na yi wa na wasu.

Na ƙara kwana huɗu don in ga ranar 15 ga wata, wadda ita ce ƙololuwar Saga Dawa. A ganinsu ladan aiki yana ninkuwa a watan, don haka da yawa sukan bar cin nama, abin da ya sauƙaƙa mini sha'anin abinci: momo, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa ganye da dankali a turara, na yi ta ci, da miyar taliya, sai wani lokaci in leƙa wurin 'yan kasuwar Kashmir, Musulmi, mu gaisa. Ranar tun duhun asuba mutane suka cika Lingkhor, hanyar da ta zagaye tudun da gidan Dalai Lama da Tsuglagkhang suke. Ta hannun dama ake zagayawa, kamar tafiyar agogo, akasin ɗawafi, kuma sai da wata tsohuwa ta juyo ni da kafaɗa na gane na saɓa. Hayaƙin turaren itace ya turnuƙe, ana ta maimaita addu'arsu, Om mani padme hum, ƙasa-ƙasa kamar kukan zuma. Gefen hanyar kuwa daga farko har ƙarshe mabarata ne zaune a jere, Indiyawa da suka taso daga garuruwa daban-daban saboda ranar, mata da jarirai, kutare, makafi. 'Yan Tibet sun zo da jakunkunan sulalla da suka canzo tun kwanaki, suna bi ɗaya bayan ɗaya suna sakawa, ba sa tsallake kowa. Na tuna ƙofar masallacin Juma'a a gida. Waɗannan mutane su kansu 'yan gudun hijira ne a ƙasar, amma ranar su ne masu bayarwa. Ba ni da canji, sai wani dattijo ya damƙa mini cikin tafin hannunsa na sulalla ba tare da ya ce komai ba, ya yi gaba.

Abin da na gaya wa yaron Zariya shi ne: tun daren da ka sauka ka tsaya a kan mai masauki sai ya cike Fom C ya ba ka kwafi, ka duba lambar fasfo da idonka. Ka zo da hotuna daga Delhi, ka isa garin aƙalla kwana uku kafin karatu, don ɗakuna kan ƙare kuma kuɗinsu kan tashi. Ka sake duba jadawalin da sharuɗɗan rajistar daf da tafiya, domin wurin yin ta da takardun da ake nema sukan canja, kuma Dalai Lama ya manyanta, ana iya ɗage zama. Ka riƙe lema, ruwan garin ba ya sallama, kuma kada ka riƙe ayaba a hannu a Lingkhor, birai ba su san baƙo ba. In kuma aikinka zai kai ka matsugunan 'yan Tibet na Karnataka irin su Bylakuppe ko Mundgod, can sai da izini na musamman daga gwamnatin Indiya, wanda ake nema tun da wuri. Batun laƙabi kuwa, kada ka yi hasashe daga tufafi ko shekaru. Ka tambayi almajirin da ke ƙofa yadda ake kiran malaminsa, ka maimaita a gabansa har ya ce daidai, sannan ka shiga.

Da zan tafi na koma yi wa Geshe-la sallama. Ya tambayi yadda ake kiran malami da harshenmu, na ce Malam. Ya gwada sau biyu, sannan ya nuna ni da tafin hannu ya ce "Malam-la". Na ce ai ni ɗalibi ne, ko babin ban gama ba. Almajirin ya fassara masa, ya sake yin dariyar nan tasa, ya ce in gyara wurin Ganden Tripa kafin in kai wa malamina.